Fitilar babur mai ƙiftawa: ta baya ta fi ta gaba amfani

"Wallahi ban gan shi ba." Maganar da ake yawan ji ke nan daga bakin direban da ya karya kwana ya shiga gaban mai babur a mararraba, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa. Binciken da Harry Hurt ya fitar a Amurka a 1981, bayan bin diddigin haɗurran babur 900, ya nuna kusan uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, kuma a biyu cikin uku na waɗannan, ɗaya direban ne ya tare wa babur hanya. Babur siriri ne, idon direba kuwa ya saba laluben abu mai faɗin mota.

Shi ya sa wasu ke ɗaura na'urar da ke sa fitilar gaba da ta birki, wato danja, su riƙa ƙiftawa, tunda ido ya fi saurin kama abin da ke motsi. Dabarar tana da tushe. Amma a ganina kuskure ne a haɗa fitilun biyu a ma'auni ɗaya: ƙiftawar danja riba ce mai ƙarancin haɗari, ta fitilar gaba kuwa takobi ce mai kaifi biyu.

Saƙon danja ɗaya ne tak: ina rage gudu. Duk wanda ke baya ya ga jar wuta ta ƙifta ba zai yi mata wata fassara ba. Na'ura mai kyau takan ƙifta sau uku zuwa biyar cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan wutar ta tsaya cak muddin hannu ko ƙafa na kan birki. Wannan tsayawar ita ce jigon lamarin. Wadda ke ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa tana rikita na baya, ya kasa gane birki ne, sigina ce, ko waya ce ta saki. A cikin cunkoso ma, inda ake taɓa birki kowane ɗan taku, ta zama azaba ga idon na baya, don haka a nemi irin wadda ba ta sake ƙiftawa sai an ɗauki wasu daƙiƙoƙi da sakin birki. Kamfanoni irin su BMW sun bi hanya mafi tsafta: danjarsu ba ta ƙiftawa sai an danne birki da ƙarfi ana cikin gudu.

Ɗaurin ba wuya, amma nan ake yawan kwafsawa. Kwan baya na yawancin babura zare biyu gare shi, mai wat 5 da ke ci koyaushe da mai wat 21 na birki, kuma wayoyi uku ne ke shiga: ta ƙaramar wuta, ta birki, da ta ƙasa. Kada a dogara da launin waya, don kowane kamfani da nasa. A kunna makulli, a sa fitilar gwaji, a danna birki. Wayar da ba ta kawo wuta sai an danna birkin ita za a yanke a saka na'urar a tsakani. Wanda ya yanke ta ƙaramar wuta zai ga danja na ƙiftawa da zarar ya tayar da inji, in ya danna birki kuwa ba za ta ƙifta ba. A yi wa mahaɗin dalma a rufe shi da robar da ke tsukewa da zafi, domin murɗa waya a naɗe da tef ba ya jure girgiza da ruwa. Idan da hali a koma kwan LED. Kwan zare na ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya kai cikakken haske, wanda a gudun kilomita 100 ya haura mita biyar, kuma ƙiftawarsa dishi-dishi take fita saboda zaren bai gama hucewa ba wuta ta dawo.

Matsalar fitilar gaba ita ce ma'ana. A wurare da dama, direba ya ƙifta wa wani wuta yana nufin "wuce, na ba ka hanya". To ga mota tana jiran karya kwana, ga babur tafe fitilarsa na rawa. Idan direban ya ɗauka izini aka ba shi, na'urar da aka saya don kauce wa wannan karon ita ce ta jawo shi. Wasu kuma kan zaci jami'an tsaro ne ko motar asibiti, su ci birki ba shiri.

Dokar tarayyar Amurka, wadda ta halatta na'urar a fitilar gaba, ta gindaya sharuɗɗa da suka cancanci a yi koyi da su ko'ina. Bugawa 240 a minti, da rangwamen 40 sama ko ƙasa, wato kusan huɗu a daƙiƙa. Fitilar ba ta mutuwa ɗungurungum: hasken ba ya sauka ƙasa da kashi 17 cikin ɗari na ƙarfinsa. Dole a sami idon da ke auna hasken gari ya dakatar da bugawar da zarar duhu ya fara, kuma in na'urar ta lalace fitila ta koma ci yadda ta saba. Kwatanta wannan da fararen fitilu masu walƙiya da ake liƙawa barkatai, suna kashe idon mai zuwa da daddare har ya kasa gane nisan babur ɗin balle gefen da yake. Waɗannan ba kariya ba ne, kuma hukumomin hanya na da hujjar hana su. Ƙasashe da yawa ma ba su yarda da kowace irin ƙiftawar fitilar gaba ba, saboda haka a duba doka kafin a taɓa waya.

Ba kuma kowane babur ke karɓarta ba. An ƙera yawancinsu ne don kwan halojin. Kwan HID, mai haske da iskar gas maimakon zare, ba ya jure yawan ragewa da ƙara wuta, na LED sai da na'urar da aka yi dominsa. Ƙananan babura da fitilarsu ke shan wuta kai tsaye daga kwayil, waɗanda haskensu ke ƙaruwa in an murɗa totur, sai an mayar da layin kan batir tare da fis. Manyan babura masu kwamfuta kuwa kan ɗauka kwai ya mutu, su kunna alamar gargaɗi ko su yanke wutar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake tsallake mai sauƙi a tafi mai wuya. Wani bincike a New Zealand da aka wallafa a 2004 ya danganta kunna fitila da rana kawai da raguwar haɗarin rauni da kashi 27 cikin ɗari, riga mai ƙyalli da kashi 37, farar hular kwano kuma da kashi 24 idan aka gwada da baƙa. Indiya ta wajabta tun Afrilun 2017 cewa sabbin babura su riƙa kunna fitilar gaba da kansu. Ƙananan fitilu biyu a ƙasa, hagu da dama, suna ba babur faɗi, su taimaka wa direba ya kimanta nisa da gudu, abin da ɗigon haske guda ba ya yi ko da yana rawa.

Akwai kuma giɓin da na'urar da ke bin wayar birki ba ta toshewa. Mai babur na iya rage gudu sosai da sakin totur da sauke giya, danja ba ta kama ba. A saba taɓa birki sau biyu kafin a fara ragewa, kuma kowace safiya a sa tafin hannu bayan danja, a gwada birkin hannu daban, na ƙafa daban, domin makunnin na ƙafa kan saki har sai an taka shi ƙasa sosai wutar ke kawowa.