Motocin kankare huɗu da aka mayar a Hambug

Ranar Talatar da ta wuce, ƙarfe bakwai da rabi na safe, motocin kankare huɗu suna jere a bakin shantiyenmu, wato wurin da muke aikin gini, a Hambug ta Jamus, tulunansu na juyawa, injin turo kankare ya miƙe har hawa na shida. Mu masu ɗaurin rodi mun gama namu tun yammacin Litinin. Sai ga manajar aikin, mace ce da ba za ta wuce shekara arba'in ba, da farar hular kwano, ta hau tare da injiniyan da ke duba rodi. Ya sa awo a wata kusurwa, ya ce rodin ya matso katako da yawa, kankaren da zai lulluɓe shi ba zai yi kauri ba, nan gaba danshi zai shiga ya ci ƙarfen. Abin bai kai faɗin yatsa ba. Ta ce a dakata.

Duk wanda ya taɓa aikin gini ya san kwaɓaɓɓen kankare ba ya jiran kowa, in ya wuce kamar awa ɗaya da rabi a mota ya fara tashi daga aiki. Ta sani, amma ta mayar da motocin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta koma kwantenar da ke zaman ofishinta, inda jadawalin aiki ya cika bango, kowane mako da layinsa, kowane ɗan kwangila da kalarsa. Ta kira masu kankare, ta kira masu lantarki da masu tagogi, ta matsar da kowa kwana biyu, ta rubuta wa mai ginin takarda: ga abin da ya faru, ga asarar, ga wanda zai biya. Ba ta ɗaga bulo ko ɗaya, amma kuɗi da lokaci da ingancin ginin duk a wuyanta suke. Ko kankaren da aka zuba sai an ɗebi samfuri, a ajiye kwana 28, a matse shi da inji a ga ƙarfinsa, takardar kuma teburinta za ta zo.

Da muna cin abinci wani abokin aikina ɗan Folan ya tambaye ni, ba da wata manufa ba, ko a ƙasarmu Kamaru ma haka ake yi. Na yi shiru. Shirun nan ne ya hana ni barci.

Me zan ce masa? Kun san yadda aikin hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri ya ja lokaci. Kun tuna yadda hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ƙwace mana gasar Afirka ta 2019 saboda ayyuka ba su kammala ba, aka kai Masar, sai a farkon 2022 muka ga ƙwallo a filin Rumde Ajiya na Garwa. Na san akwai uzuri na gaskiya: a 2014 'yan Boko Haram sun sace ma'aikata 'yan Sin a Waza, aikin hanya ya tsaya. Su ma Jamusawan ba waliyyai ba ne, filin jirgin Balin da aka ce za a buɗe a 2011 sai a watan Oktoba na 2020 ya buɗe. To amma a nan, in aiki ya lalace akwai sunan mutum ɗaya a kan takarda. A wajenmu shef, wato shugaban aiki, na jiran ɗan kwangila, ɗan kwangila na jiran kuɗi daga Yawunde, in kuma Alhaji mai gini ya ce a zuba, wa ya isa ya ce a'a? Yaron da ya ce a'a, gobe ba shi da aiki.

Kada kowa ya ce mini ba mu iya ba ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, birkila ne a Garwa. Da hannu yake murza yashi ya gane ko da laka a ciki. Bulonsa sai ya sha ruwa safe da yamma a zafin watan Afrilu kafin ya yarda a ɗora. Sau biyu na ga ya naɗe igiyarsa ya bar gini don an ce ya rage siminti, muka kwana a kan kunu. Abin da matar nan ta yi shi ya yi, sai dai ita kamfani na bayanta, shi kuwa babu kowa.

Shekara uku ke nan ina turo kuɗi ana yi mini ɗaki uku a filin da ya bari. Ƙanena ke tsayawa, hotuna nake gani a WhatsApp. A daren Talatar na kira shi na ce, in birkila ya ce a jira, a jira, ko da azumi zai zo ya wuce ba a yi rufi ba. Ya ce, “To Yaya. Amma Inna tana tambaya, yaushe za ka zo ka gani da idonka?”