Kuɗinmu halas ne, mu ne abin tuhuma

Ranar Litinin da ta gabata na ɗora katina na ɗalibi a ƙofar ɗakin karatu na jami'ar da nake yin digiri na biyu a arewacin Ingila, sai ƙofar ta kunna jar wuta ta ƙi buɗewa. Na sake gwadawa, ɗaliban da ke bayana suna ta ratse ni suna wucewa, har mai gadin wurin ya taso ya nuna mini hanyar ofishin kula da al'amuran ɗalibai. Kafin in isa can na duba wayata, na tarar an rufe mini shafin da muke karɓar darussa da miƙa aikin da aka ba mu, alhali a cikin makon nan ake jiran aikina. Laifin da na yi shi ne kason ƙarshe na kuɗin makaranta ya iso asusun jami'a da giɓin fam 38, kuma ba ni na riƙe su ba, wani banki ne a tsakanin Kano da nan ya yanki ladansa a hanya. Jami'ar da ta riga ta karɓi dubban fam daga hannun mahaifina ta kulle ni a waje a kan abin da bai kai kuɗin cefanen mako guda ba, ba tare da wani ya buga mini waya ba.

Na bi layi har ya zo kaina, na gaishe da matar da ke zaune a bayan gilashi, ba ta amsa ba, sai ta miƙo hannu tana neman lambata ta ɗalibi. Na faɗa mata. Ta buga a kwamfuta, ta ɗan jima tana kallo, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, ana bina bashi. Na ce na sani, abin da ya kawo ni ke nan, ga katin bankina, a cire kuɗin yanzu a buɗe mini. Ta ce ba sa karɓar kuɗi a wannan teburin, sai dai in biya ta shafin ɗalibai. Na ce shafin ɗalibai shi ne aka rufe mini. Ta ce to, sai in nemi ganawa da sashen kuɗi. Na tambaye ta yadda ake neman ganawar, ta ce ta shafin ɗalibai. Na yi shiru ina jiran ta ji abin da bakinta ya furta, amma ba ta ji ba, domin ta riga ta koma kan kofin shayinta.

Na daure na sake yi mata bayani a hankali, irin yadda aka koya mana yi wa na gaba magana, cewa ina da aikin da za a miƙa ranar Alhamis, kuma idan lokaci ya wuce za a rage mini maki. A nan ne ta ɗago kai a karo na farko, ta yi mini irin murmushin nan nasu da ba ya kai wa ido, ta ce ta fahimci damuwata ƙwarai, in aika saƙon imel, za a amsa mini cikin kwanakin aiki biyar. Na ce Alhamis ba ta kai kwana biyar ba. Ta ce wannan shi ne tsarin. Sai kuma ta ƙara da abin da ya hana ni barci: “Ai lokacin da ka nemi biza ka nuna cewa kana da kuɗin, ko ba haka ba? Ya kamata mutum ya tabbata zai iya kafin ya taso.” Ta faɗe shi da murya mai laushi, a gaban layin da rabinsa yara ne 'yan ƙasa da ko shekara ashirin ba su kai ba, sannan ta tunatar da ni, wai don amfanina, cewa ɗalibin da bai daidaita bashinsa ba ana iya cire shi daga rajista, kuma dole ne jami'a ta sanar da Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya, mai ba da biza. Daga nan ta leƙa bayana ta kira na gaba.

Madalla da wannan tunatarwa! Da ba ta faɗa ba, da ban san cewa zamana a ƙasar nan yana rataye ne a kan rajistata ba. Kowane ɗalibi baƙo ya haddace wannan karatun tun kafin ya sauka daga jirgi: idan jami'a ta janye hannunta daga kanka, ana gajarta maka biza, galibi zuwa kwana 60, ka tattara ka koma gida ba digiri ba kuɗi. Mun kuma san cewa ba barazanar baki ba ce, domin a shekarar 2024 an ga yadda aka dakatar da wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside saboda sun kasa cika kuɗi bayan faɗuwar naira, aka kai sunayensu ga hukuma, har suka fito zanga-zanga da kwalaye a hannu. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda aka zaro wannan takobi a kan fam 38, a hannun ma'aikaciyar da albashinta yake fitowa daga aljihun irina.

Ta tambaye ni ko na nuna kuɗi lokacin neman biza. Bari in ba ta amsar a nan, tunda a can ba ta ba ni dama ba. Na nuna, kuma sai da kuɗin suka kwana 28 a asusu ba a taɓa su ba, kamar yadda doka ta ce. Na biya kuɗin bizar kanta, wanda aka ɗaga daga fam 363 zuwa 490 a watan Oktoban 2023, aka sake ɗaga shi zuwa 524 a Afrilun 2025. Na biya harajin lafiya, wanda aka mayar fam 776 a shekara daga fam 470 a Fabrairun 2024, kuma da yake bizar digiri na biyu tana ɗan haura shekara guda, na shekara ɗaya da rabi ake karɓa, wato fam 1,164, a dunƙule, kafin mutum ya taka ƙasar. Na je Abuja aka haska ƙirjina don a tabbatar ban ɗauko musu tarin fuka ba. Na biya kuɗin ajiya mai tsoka kafin jami'a ta ba ni takardar shaidar gurbi. A duk waɗannan matakai ba a taɓa cewa in jira kwanakin aiki biyar ba. Idan kuɗi ne za su fita daga hannuna zuwa nasu, na'urarsu tana aiki dare da rana, har ranar Lahadi.

Wanda duk ya yi makon farko a nan ya san zagayen da ake sa mu. Banki ba zai buɗe maka asusu ba sai da wasiƙar jami'a mai ɗauke da adireshinka, jami'a ba za ta ba ka wasiƙar ba sai ka kammala rajista, rajista ba ta kammaluwa sai ka ba da adireshi, mai gida kuma ba zai ba ka ɗaki ba sai ka kawo mai tsaya maka wanda yake zaune a Birtaniya yana da albashi, ko kuwa, a lokacin da muka zo, ka zube kuɗin wata shida a gaba. Ina yaron da ya taso daga Gwammaja zai samo Baturen da zai tsaya masa? Haka muka yi ta kwana a falon 'yan'uwa da muka haɗu da su a masallaci, Allah ya saka musu da alheri, muna jan akwati daga wannan gida zuwa wancan a cikin ruwan sama. Bayan an samu an zauna, sai a shiga ƙidayar halarta: ɗan ƙasa ya yi fashin aji ya sha barcinsa, iyakarta a aiko masa da saƙon tambayar lafiya, kai kuwa saƙonka yana zuwa ne da ambaton biza a layin farko. An yarda ka yi aikin awa 20 a mako lokacin karatu, ba ka da haƙƙin tallafin gwamnati ko na sisin kwabo, sai ka kwana kana ɗaga kwalaye a rumbun ajiya ko kana kula da tsofaffi, gari ya waye ka wuce aji da jajayen idanu, a tambaye ka dalilin da ya sa ba ka cika magana a tattaunawa ba.

Kuma kada wani ya ce mini alfarma ake yi mana. Tun daga 2017 har zuwa 2025 gwamnatinsu ta daskarar da kuɗin da ɗan ƙasa yake biya a digiri na farko a Ingila a kan fam 9,250, kaya suna ta tsada, sai jami'o'i suka juyo kan baƙi, waɗanda babu dokar da ta iyakance abin da za a caje su. Da kuɗinmu ake cike giɓin, shi ya sa wakilansu suke cika otal-otal na Abuja da Legas da Kano da hotunan ciyawa kore da ɗalibai masu dariya. A zangon karatu na 2022 zuwa 2023 ɗaliban Najeriya a Birtaniya sun haura dubu 70, Indiya da Sin ne kawai suka fi mu yawa. Saniyar tatsa ce mu, ana son nonon, ba a son jin kukanta. Da zaɓe ya matso, 'yan siyasarsu suka ga ba abin da ya fi sauƙin duka kamar baƙo, sai aka hana masu digiri na biyu na aji, wato wanda ba na bincike ba, zuwa da iyalansu daga Janairun 2024. Magidanci ya bar matarsa da 'ya'yansa sai dai gaisuwa ta waya, jami'ar kuma da ta ga masu neman gurbi sun ragu ta fito tana kukan talauci a jaridu.

Amma in don gaskiya za a bi, haushin matar nan bai kai rabin haushin da nake ji na waɗanda suka jefa ni gabanta ba. Ita ba ta san ni ba, ba ta kuma ci amanata ba. Wa ya kore mu daga gida? Digirin shekara huɗu ya zama na shida a hannunmu, domin malaman jami'a sun yi yajin aiki na kusan wata tara a 2020, suka sake yin na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, gwamnati tana kallo kamar ba 'ya'yan mutane ne suke zaune a gida ba. Iyayen da suka sayar da fili da gona suka tura 'ya'yansu waje ba don alfahari suka yi ba, sun gaji ne da lissafin shekarun da ake ƙonawa. Suna cikin wannan sai aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a watan Yunin 2023, ba tare da an yi tanadin komai ba domin dubban ɗaliban da suka riga suka fara karatu a kan tsohon lissafi. Fam ɗin da ake samu a banki ƙasa da naira 600 ya haura 1,900 kafin shekara ta zagayo. Mahaifin da ya ware kuɗin shekara guda cif ya wayi gari abin da ke hannunsa bai kai na zango ɗaya ba. Takardar Form A da aka ce ita ce hanyar halas ta biyan kuɗin makaranta ta zama wurin da kuɗi suke kwanciya wata da watanni, jami'a tana aiko da wasiƙar gargaɗi, har mutum ya haƙura ya nufi 'yan canji a Wapa ya saya a farashin da ya samu. Da na kira gida a daren Litinin, ban iya gaya wa mahaifina abin da aka faɗa mini ba. Cewa kawai na yi, “Baba, saura kaɗan ne, zan cike daga nan.” Ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ka dai yi haƙuri da mutane.” Haƙurin nan shi muke ta yi, har ya zama abin da ake lissafawa da shi a kasafin kowa.

Mu da iyayenmu suka biya mana ma da sauƙi a kan waɗanda gwamnati ta ɗauka da hannunta ta kai Maroko da Rasha da Hangari da Aljeriya a ƙarƙashin yarjejeniyar musayar ɗalibai. Waɗannan yara ne da suka ci jarrabawa da ƙoƙarinsu, aka yi musu alkawarin dala 500 a wata, aka bar su wata da watanni ba ko sisi, sannan a 2024 aka rage kuɗin zuwa dala 220, a 2025 kuma Ministan Ilimi ya sanar da cewa an soke shirin, wai darussan da suke karantawa akwai su a gida. Akwai su a gida, a jami'o'in da ɗalibai suke zama a kan taga su ɗauki darasi! Idan haka ne, me ya sa a watan Maris na 2022, ana tsakiyar yajin aiki, Majalisar Wakilai ta yi watsi da ƙudurin da ya nemi a taƙaita yadda masu riƙe da muƙamai suke tura 'ya'yansu karatu waje? A ranar sun tuna da 'yancin ɗan Adam, suka kare shi da dukkan ƙarfinsu.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Duk wanda ya buɗe baki ya yi kuka daga waje, amsar da yake samu ita ce wa ya aike shi, ko kuma a ce ai yana cin fam, har a biyo shi da roƙon kuɗin waya da na biki. Ba a son jin cewa ɗalibi a Ingila yana auna ko ya kunna na'urar ɗumama ɗaki ko ya sayi abinci, saboda hakan yana ɓata hoton da aka riga aka rataya a zuciya. Amma duk lokacin bikin yaye ɗalibai, waɗannan mutanen ne suke rububin yin sambarka a ƙarƙashin hotunan manyanmu a Facebook, suna tsaye da babbar riga a gefen 'ya'yansu a Landan da Manchester, ga fure ga murmushi. Ina roƙon ɗaya daga cikin manyan nan, idan ya zo ɗaukar hoton bana, ya taimaka ya rubuta mana a ƙasansa farashin da ya sayi fam, da sunan bankin da ya tura masa kuɗin suka iso a cike.