Baƙin wuyan yaro mai ƙiba ba dauɗa ba ne

A wani gidan suna a Yalwa, cikin garin Bauchi, na ga wata dattijuwa ta kamo jikanta ɗan shekara 11 tana nuna wa mata bayan wuyansa. "Ku dubi ƙazamin nan, soso biyu na ƙarar a wuyan nan, ko gezau." Wata ta shafa kumatunsa ta ce, "Ƙyale shi Hajiya, tubarkalla, jikin hutu ne." Yaron dai ya sunkuyar da kai, kwalbar lemo a hannu.

Abin ya tsaya mini a rai, domin baƙin nan mai kauri da laushi da ke fitowa a wuya da hammata ba ya jin sabulu. Sau da yawa alama ce ta cewa jiki ya fara bijire wa insulin, sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Idan kitse ya taru a ciki da hanta, sai ƙofar ta yi tauri, jiki ya riƙa ƙaro insulin don ya ture ta. Wannan rarar ce ke sa fata ta yi duhu. Ana iya shekaru a haka, yaro na cin abincinsa, ba zazzaɓi ba ciwon kai, alhali hawan jini da kitsen jini da ciwon suga suna haɗa kai a ɓoye. Lokacin balaga abin ya fi tsananta, kuma ciwon sugan da ya kama matashi ya fi na dattijo saurin yin ɓarna.

Ban ga laifin matan nan ba. A jihar da har yau ake jinyar yara masu tamowa, wadda ta taɓa ganin ɗa ya rame ya ƙanjame dole ta yi murna da ɓul-ɓul. Sai dai zamani ya juya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa miliyan 160 'yan shekara 5 zuwa 19 ke fama da matsananciyar ƙiba. Mu ma ba a bar mu a baya ba: taliyar leda da safe, Keke Napep zuwa makaranta, biskit da lemo a jaka, waya har dare. Ina langa, ina carafke? Kwalbar lemo ta rabin lita tana ɗauke da suga fiye da ƙaramin cokali 10, ga zoɓo da kunun zaƙi da muke zabga wa suga muna cewa ai na gida ne. Harajin naira 10 kan kowace lita da dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemon kwalba bai hana kowa saye ba.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi. Uwa ta ɗauki zare ta auna tsayin ɗanta, ta ninke zaren gida biyu, ta zagaya cikinsa daidai cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, ko ga baƙin wuya, a kai shi asibiti a gwada suga da hawan jini, musamman in akwai mai ciwon suga a dangi. Makarantu kuma su dawo da filin wasa, yaro na buƙatar awa guda yana motsa jiki kullum.

Kuma don Allah a daina kiransa "tulu" a gaban mutane, a kuma daina hana shi lemo yayyensa na sha a gabansa. In za a rage suga, a rage wa gidan gaba ɗaya, har da shayin maigida.