Akuyar Maƙwabta Ta Shiga Faifai

Garmahon na kakanmu ne, yanzu yana hannun Baffa, kuma ko ƙura ba a kaɗe masa sai da izini. Cikin faya-fayan akwai guda ɗaya da takardar tsakiyarsa ta goge, ba wanda ya san sunan mawaƙin, amma Baffa ya rantse da shi ake cin tuwon salla a gidan kakanmu. Muryar tana fita daidai gwargwado, kiɗan ne ya nutse cikin wani "shaaa" mai ƙaraf-ƙaraf, kamar an jefa ƙosai a mai.

Na ce, "Baffa, ai wannan yana gyaruwa. Sabon kiɗa za a ɗora masa."

Ba da ka na yi maganar ba, na yi karatuna. Na zauna na yi masa bayani cewa kafin 1925 ba a naɗar waƙa da makirfo. Mawaƙi zai tsaya gaban wani ƙaton bututu ya ɗaga murya, ƙarar ta kaɗa allura, allurar ta zana layi a kan kaki, kuma bututun ba ya kama kiɗa mai kauri. Na ba shi labarin Enrico Caruso, mawaƙin Italiya da ya rasu a 1921. A 1932 kamfanin RCA Victor ya ɗauko tsoffin faya-fayansa, ya tara makaɗa, aka kunna muryar mamaci suna bin ta da kiɗa, aka yanka sabon faifai. Na ƙara da Sidney Bechet na Amurka, wanda a 1941 ya kaɗa kayan kiɗa shida shi kaɗai a waƙa guda: ya naɗi na farko, a kunna masa ya ɗora na biyu a kan sabon faifai, a haka har ya gama.

Baffa ya gama saurare ya ce, "To su waɗannan da ka lissafa, da faifan kakan wa suka gwada?"

Da ƙyar dai ya yarda, da sharaɗin yana zaune a wurin.

Kayan aikina wayata da ta uwargida, sai mai kalangun da ke yi wa mahautan kasuwarmu kiɗa, wanda muka yi ciniki a kan "kowane zama". Ban tsaya tambayar me yake nufi da zama ba.

Garmaho ba ya son wuta, wana shi ake yi da hannu, kuma faifan zai riƙa juyi 78 a minti ɗaya ne muddin sifirin na da ƙarfi. Ina cikin wana shi sai Baffa ya daka tsawa, "Ya isa! Za ka tsinka min shi." Na saki. Waƙa ta tashi lafiya, mai kalangu ya shiga da gwaninta har ina gyaɗa kai. Ana zuwa tsakiya muryar mawaƙin ta fara kauri, ta koma ja, ta koma gurnani. Shi kuwa makaɗin, da yake ɗan gado ne ba ya barin mawaƙinsa, ya bi shi a hankali, a hankali, har suka tsaya tare. Ya dube ni ya ce, "Maigida, mutumin nan lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Sai maganar allura. Ta ƙarfe ce, kuma ƙa'idarta a yi waƙa ɗaya da ita a jefar, shi ya sa ake sayar da su cike da ɗan gwangwani. Baffa bai taɓa jefar da ko ɗaya ba. Idan ta dakushe ya goga ta a dutse ya mayar. Da muka yi ta maimaita faifan, sai ga wata toka-toka tana taruwa a bakin allurar.

"Wannan kuma daga ina?"

"Datti ne yake fita, Baffa. Alamar aiki na kyau ke nan."

Faifan ne da kansa yake sussukewa. Ƙanena ma ya rugo da kwalbar sanitaiza wai a wanke shi, na fizge ta a hannunsa. Irin waɗannan faya-fayan da ƙaron wani ƙwaro na ƙasar Indiya ake haɗa su, sifirit yana taɓa su suke narkewa. Wannan ceton da na yi har yau ba wanda ya yaba.

Abin da littattafan ba su jaddada min ba shi ne, a wannan dabara duk abin da ya shiga naɗin farko ya shiga ke nan har abada. Su Bechet a rufaffen ɗaki suka yi nasu, mu a tsakar gida. A naɗin farko wata akuya ta yi kuka sau ɗaya daga bayan rumbu, na ce ba komai, kalangu zai danne ta. Da na kunna shi a sifika don a ɗora na biyu, akuyar ta ji muryar 'yar uwarta ta amsa. A na uku akuyoyi biyu ne a waya, ta ukun tana tsaye tana ba su amshi. Mai garuwa ya shiga, janareton bayan gida ya shiga, yayar uwargida ta bugo waya ana tsakar naɗi ita ma ta shiga. Shi kuwa mawaƙin, kowane naɗi sai ya ƙara ja da baya, har ya koma kamar daga wata unguwa yake waƙar.

Da la'asar na kunna wa jama'ar gida sakamako. Baffa ya kasa kunne ya ce, "Na ji kalangu, na ji awaki. Ina mutumin?" Bai jira amsa ba ya rufe garmahonsa ya kai ɗaka, muka ji ƙarar kwaɗo. Mai kalangu ya miƙo hannu: ashe duk sanda ya ajiye kalangu ya sake ɗauka, zama ɗaya ne.

Inna ce kawai ta ce a sake kunnawa. Ta saurara ta tafa hannu. "Wallahi ita ce! Akuyar gidan can ce mai cinye min zogale, suna ta rantsuwa ba ta shigowa. Kai, tura min a WhatsApp yanzu." Ta yafa mayafi ta fita da wayar a hannu, ba ta dawo ba sai bayan magariba.