Riƙon Dingo a Gida Ba Aikin Kowa Ba Ne

Hotunan 'yan kwikwiyon dingo da ke yawo a kafafen sada zumunta sun sa mutane da dama a Ostareliya sha'awar ajiye wannan karen daji a gida, musamman tun bayan labarin Wandi, ɗan kwikwiyon da aka tsinta a bayan wani gida a garin Wandiligong na jihar Victoria a 2019, wanda ake kyautata zaton gaggafa ce ta yar da shi. Ra'ayina shi ne, yawancin masu wannan sha'awa ba su da abin da riƙonsa yake bukata, don haka bai kamata hukuma ta sakar wa kowa mara ba.

Dingo ya shafe fiye da shekara 3,000 yana ciyar da kansa a dajin ƙasar, kuma hali zanen dutse ne. Macen sau ɗaya take haihuwa a shekara, idan lokacin barbara ya kama, wajen Maris zuwa Yuni, dabbar da aka sani da natsuwa sai ta kasa zama wuri ɗaya, ta yi ta kuka irin na kyarkeci cikin dare, tana neman hanyar fita. Ba ta cika rasa hanyar ba kuwa, domin dingo yana hawa shinge, yana haƙa rami ta ƙarƙashinsa, ga kuma wuyan ƙafafunsa na gaba da ke juyawa har ya iya zare sakatar ƙofa. Cikinsa ma bai narkar da sitaci kamar na karen gida, saboda haka nama marar kitse da ƙashi ne cimarsa, abincin kanti mai yawan hatsi ba ya karɓarsa sosai. Kajin maƙwabta da kyanwarsu kuwa, a wurinsa duk abin farauta ne.

Dokokin jihohin sun sha bamban. Queensland da Tasmania da South Australia sun haramta ajiye shi, abin da ba zai ba da mamaki ba a ƙasar da ta kafa shinge mai tsawon sama da kilomita 5,600 don kare tumaki daga gare shi. New South Wales kuma tana ɗaukarsa tamkar kowane kare, rajista kawai ake yi masa. A ganina Victoria ce ta yi daidai, domin sai da lasisi ake riƙe shi, kuma dole mai nema ya tanadi keɓaɓɓen fili mai dogon shingen da dabbar ba za ta iya tsallakewa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne makomarsa idan mai shi ya gaji. Dingo kan shaƙu da mutum ɗaya ko gida ɗaya, yana ɗari-ɗari da baƙo, kuma a hannun mutane yakan kai shekara 15. Wanda ya ɗauke shi yana ƙarami, sannan ya koma gidan haya ko ya sauya gari, ya bar dabbar da da wuya ta saba da sabon ubangida, ba ta kuma iya rayuwar daji ba. Wuraren kula da dingo kaɗan ne, ba za su ɗauke kowa ba. 'Yan asalin ƙasar sun daɗe suna ɗauko 'yan kwikwiyon daga rami su rene su a sansaninsu, amma da yawa daga cikin 'yan kwikwiyon, da sun balaga, daji suke komawa su hayayyafa, ba tare da an tsare su ba. Mai gida a unguwannin Sydney ba shi da wannan zaɓin, don haka ya kamata a tantance shi tun kafin a miƙa masa ɗan kwikwiyon.