Wa Aka Tuntuɓa?

Ba sauya sheƙar ce ta fi ƙona min rai ba, jimlar da ake buɗe sanarwar da ita ce: "bayan doguwar tuntuɓar jama'ata". Wace jama'a? Shekarata nawa a Tudun Wada, ba a taɓa yi min sallama a ƙofar gida an ce Onorabul na neman shawarata ba. Na tambayi mai shayinmu ko shi an tuntuɓe shi, ya ɗaga buta yana tsiyaya ya ce, "Malam, ni tuntuɓen da na sani shi ne wanda nake yi a ramukan layinmu in na fito da asuba."

A 2025 gwamnonin Delta da Akwa Ibom suka naɗe lema suka ɗauki tsintsiya. Nan gida Kaduna kuma Malam Nasiru El-Rufai, da ya yi shekara takwas yana mulki a APC, ya koma SDP a watan Maris. Masu shiga da masu fita, kowa da sunan talaka yake rantsuwa. Wai in aka bi jam'iyya mai mulki ayyuka za su zo; sai ka ce ruwan famfo yana duba katin jam'iyya kafin ya zubo.

Sashe na 68 na tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa ya bar kujerarsa, sai in jam'iyyar ta dare. To, ai shi ke nan. Ranar da mutum zai tafi, ranar zai gano cewa gidansu ya rabe biyu, ko da shi ya sa gatarin.

Wannan jihar ce fa ta Balarabe Musa, tsohon gwamna ɗan jam'iyyar PRP. Majalisar jihar da jam'iyyar NPN ta mamaye ta hana shi kwamishinoni, ta tsige shi a 1981, bai nemi mafaka wurinsu ba, ya mutu a 2020 yana PRP. Yau da an ce bai iya siyasa ba.

Wanda zai tafi Allah ya raka taki gona, amma ya ajiye mana kujerar ya sake neman ƙuri'a. Ku duba gindin gadar Kwangila a Zariya: fastar mutum ɗaya ce hawa uku, in ruwa ya ɓare ta sama sai ka ga hular nan dai, murmushin nan dai, tambarin kaɗai aka sauya.