Shaidu biyar ba su isa ba: nasiha ga ɗaliban lissafi

Ƙannena masu karatun lissafi, akwai wata ɗabi'a da nake so ku bari tun da wuri. Mutum ya gwada ƙa'ida sau uku ko huɗu, ya ga ta yi daidai, sai ya rufe littafi ya ce magana ta ƙare. Ku zo ku ga abin da wannan lamba ta yi wa wanda ya fi mu sani: 4,294,967,297.

Ga asalinta. Ku fara da 2, ku riƙa ninka kowace amsa da kanta: 2, 4, 16, 256, 65,536. Ku ƙara wa kowacce 1, za ku sami 3, 5, 17, 257 da 65,537. Dukansu biyar ba sa rabuwa da komai sai da 1 da kansu. Ganin haka, Fermat, masanin lissafi na ƙasar Faransa, ya rubuta a 1640 cewa yana da yaƙinin duk waɗanda za su biyo baya haka suke. A yi masa adalci, shi da kansa ya ce bai kammala hujjar ba.

Ta shida a jerin ita ce tamu, kuma tana da kyan fuska. Da 7 ta ƙare, don haka mara ce, 2 ba ta raba ta, 5 ma haka. Ku tara alƙalumanta, 59 ne, saboda haka 3 ta fita. Mai gaggawa a nan zai tsaya. Sai a 1732 wani masanin lissafi mai suna Euler, yana ɗan shekara 25, ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ita ce wannan lamba cif. Kusan shekara 90 ke nan maganar tana yawo da sunan babban malami a kanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya rage wa kansa wahala. Ya tabbatar cewa duk lamba marar rabuwa da za ta iya raba ta dole ta zama ninkin 64 da ƙarin 1. Nan take dubbai suka zube, na farko cikin waɗanda suka rage su ne 193, 257, 449, 577, sannan 641. Tunanin farko ne ya yi aikin, rabawar kuwa ko ɗan sakandare zai iya.

Har yau ba a sake samun marar rabuwa ko ɗaya a jerin ba bayan 65,537. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. In malami ya ce "a tabbatar", kada ku jera masa misalai ku ce kun gama. Misali dubu bai zama hujja ba, amma ɗaya tak da ya saɓa ya rushe zancen.

Ni ma kada ku yarda da ni. Ku ajiye waya, ku ɗauki biro, ku raba 4,294,967,297 da 577 ku ga ragowar, sannan ku raba ta da 641.